Yadda Ake Karanta Ƙa'idojin Sirri na Manhajoji Kafin a Danna "Na Amince"

Shagona yana nan wajen Ƙofar Ƙaura a cikin garin Katsina. Aikina buga takardu, cike wa mutane fom na makaranta da na neman aiki, da saita sababbin wayoyi. Kullum ina ganin yatsu suna danna "Agree" da "Accept" a gabana, amma waɗanda suka taɓa tsayawa suka tambaye ni abin da suka amince da shi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Wani ɗan ƙanin mahaifina ne ya sa na zauna rubuta wannan. Ya shigo shagon bayan la'asar, idanunsa jajur, ya miƙo mini waya ko zama bai yi ba. Ya ci bashin naira 15,000 a wata manhajar ba da rance da aka turo masa ta WhatsApp. Ranar biya ta wuce da kwana 4, sai ga saƙo ya faɗa wayar surukinsa, da ta malaminsa na Islamiyya, da ta wata gwaggonmu da ke aure a Daura, ana cewa ɓarawo ne ya gudu da kuɗin mutane, har da hotonsa a jiki.

"Yaya, wallahi ban ba su lambar kowa ba. Mi ya haɗa su da Gwaggo?"

"Zauna tukuna, mu duba," na ce masa.

Muka buɗe wurin izinin manhajar. Lambobi a buɗe, saƙonni a buɗe, hotuna a buɗe. Muka nemo takardar ƙa'idojinsu, can a tsakiya ga shi nan da Turanci: za su kwafi jerin lambobin da ke wayar, kuma suna iya tuntuɓar mutanen ciki idan an kasa biya. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Ashe da hannuna na miƙa masu."

Abin da aka yi masa zalunci ne, kuma dannawar da ya yi ba ta halatta cin mutunci ba. Sai dai kunyar ta riga ta isa gidan surukai, ba ta dawowa.

Ba shi kaɗai ba ne, kuma ba ƙarancin boko ke jawo haka ba. A Amurka, inda takardun nan suke cikin harshen da mutane suka tashi da shi, cibiyar bincike ta Pew ta tambayi jama'a a 2019. Kashi 9 cikin 100 ne kawai suka ce kullum sukan karanta kafin su amince, kashi 36 suka ce ba sa karantawa sam. Tun a 2008 wasu masu bincike biyu na jami'ar Carnegie Mellon, Aleecia McDonald da Lorrie Cranor, suka lissafa cewa da mutum zai karanta ƙa'idojin duk shafukan da yake shiga, da sai ya ba da fiye da awa 200 a shekara. A wani gwajin kuma an ƙirƙiri dandalin zumunta na bogi mai suna NameDrop, aka ba ɗalibai 543 su yi rajista, aka cusa a cikin sharuɗɗan cewa duk wanda ya shiga ya yarda zai ba kamfanin ɗansa na fari. Kashi 98 cikin 100 ba su lura ba. To ina ga mu, da za mu karanta Turancin lauyoyi a ɗan ƙaramin allon waya, data tana zuba?

Shi ya sa ba zan ce ka karanta takardar daga farko har ƙarshe ba. Abin da nake koya wa masu zuwa shagona shi ne farauta: ka shiga da tambayoyinka a hannu, ka nemo amsarsu, ka fito. Minti 10 sun isa idan hannu ya saba.

Mataki na 1: Ka san wace takarda ce a gabanka

Takardu biyu ne galibi. Ɗaya ita ce "Terms of Service", wato sharuɗɗan amfani: abin da aka yarda ka yi a dandalin, abin da zai sa a rufe maka asusu, da yadda za a warware rigima. Ɗayar ita ce "Privacy Policy", ƙa'idojin sirri, kuma ita ce muke magana a kai.

Akwai kuskuren fahimta da nake yawan ji. Mutum ya ga an rubuta "Privacy" sai hankalinsa ya kwanta, ya ɗauka alkawari ne cewa za a rufa masa asiri. Ba haka ba ne. Takardar bayani ce na abin da kamfanin yake yi da bayananka, mai daɗi da marar daɗi. Kamfani yana iya rubuta cewa zai ba masu talla bayananka, kuma sunan takardar yana nan yadda yake.

Mataki na 2: Nemo ta kafin ka sauke manhajar

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zarar ka sauke ka buɗe ka ba da izini, kwafar lambobi ba ta ɗaukar minti ɗaya. Don haka dubawa tana zuwa ne kafin saukewa.

A Play Store, ka gangara ƙasan shafin manhajar za ka ga sashen "Data safety", wanda Google ya fara nunawa a 2022. Ka danna kibiyar. Zai nuna maka irin bayanan da ake tattarawa, waɗanda ake ba wasu, da ko akwai hanyar neman a goge. A iPhone irin wannan sashe sunansa "App Privacy". Amma ka riƙe abu ɗaya: mai manhajar ne da kansa yake cike wannan sashe, shaida ce ta mutum a kan kansa. Tana da amfani, ba ta wadatar ba. A can ƙasa akwai mahaɗin da zai kai ka ga cikakkiyar takardar, da sunan kamfanin da adireshinsa.

Anan wasu manhajojin suke faɗuwa tun kafin a fara karatu. Idan mahaɗin bai buɗe ba, ko babu sunan kamfani, ko babu adireshin ofis sai imel na kyauta kawai, ni nan nake tsayawa. Haka idan an turo maka manhajar a matsayin fayil ta WhatsApp ko Telegram, ko wani ya tura maka ta Xender a majalisa. Ta ɗan'uwana ta wannan hanyar ta zo. Tun ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin rance da ke Play Store taɓa lambobin mutane da hotunansu, shi ya sa masu mugun nufi suka fi son su biyo ta bayan gida. Su GB WhatsApp da ire-irensu da samari suke so saboda ɓoye "online" su ma nan suka faɗa: ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, ƙa'idojinsa ba su shafe su ba, kuma yakan rufe layin da ya kama yana amfani da su.

Mataki na 3: Shirya kayan aiki

Ka buɗe takardar a Chrome. Ɗigo uku na sama a dama suna da abubuwa biyu da za ka buƙata. "Translate" zai juya maka shafin zuwa Hausa. Fassarar na'ura ce, takan yi tuntuɓe, musamman a ƙananan kalmomin da lauyoyi suke ɓoye nauyi a ciki, don haka ka yi amfani da ita don gane inda aka dosa, ka koma Turancin a wuraren da suka fi muhimmanci, ko ka nemi wanda zai karanta maka. Na biyu shi ne "Find in page", wanda zai ba ka damar rubuta kalma ɗaya ya tsallaka da kai duk inda ta fito. Ka duba kwanan watan da aka sabunta takardar ma, yana sama ko can ƙasa.

Mataki na 4: Tambayoyi biyar

Nan ne aikin yake, nan zan daɗe.

Ta farko, me suke ɗauka? Ka nemi kalmar "collect". Za ka tarar da kashi biyu. Akwai abin da kai ka ba su da hannunka: suna, lambar waya, ranar haihuwa, hoto. Akwai kuma abin da suke ɗauka da kansu ba tare da ka rubuta komai ba, kuma wannan ne mutane ba su sani ba: irin wayarka, layin da kake amfani da shi, inda kake, lokacin da kake shiga da fita, abin da ka tsaya kallo da tsawon tsayawar. Ka bi da "contacts", "location", "SMS", "photos", "microphone" ɗaya bayan ɗaya.

Bari in ba da misali da WhatsApp tunda kowa yana da shi. Gaskiya ne tun 2016 saƙonni da kira a kulle suke daga waya zuwa waya, kamfanin ba ya iya karanta abin da ka rubuta. Amma takardarsu ta faɗa ƙarara cewa suna riƙe lambarka, lambobin da ke wayarka idan ka ba da izini, sunayen guruf ɗin da kake ciki, irin wayarka, da lokaci da yawan amfaninka. Kamar mai gadin layi ne: bai ji hirar da aka yi a zaure ba, amma ya san wa ya shiga gidan wa, ƙarfe nawa, sau nawa a mako. Duk wanda ya zauna a unguwa ya san wannan kaɗai labari ne babba.

Ta biyu, don me suke ɗauka? Ka nemi "use" ko "purpose". Ma'aunin a nan mai sauƙi ne: shin aikin da manhajar take yi mini yana buƙatar wannan? Taswira tana buƙatar sanin inda kake. Manhajar lokutan salla da alƙibla tana buƙatar garin da kake, amma ba ta buƙatar bin sawunka dare da rana, ka zaɓi Katsina da hannu ya wadatar. Tocila ba ta da haɗi da lambobin mutane. Idan ka ga "advertising" ko "personalised ads", to da bayananka ake biyan kuɗin abin da ka ɗauka kyauta ne. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Ba na cewa duk talla sharri ce, kamfani sai da kuɗin shiga, amma ya kamata ka san da me kake biya. Jimlar "to improve our services" kuwa buhu ce mai faɗin baki, kusan komai yana shiga. A 'yan shekarun nan ka ƙara neman "train" da "AI", domin kamfanoni da yawa sun ƙara cewa suna koyar da na'urorinsu da rubutu da hotunan da mutane suka ɗora.

Ta uku, wa suke ba? A ganina wannan ce uwar tambayoyin. Ka nemi "share", "third parties", "partners", "affiliates". "Affiliates" na nufin kamfanonin gida ɗaya, kamar yadda Facebook da Instagram da WhatsApp duk suke ƙarƙashin Meta. "Partners" kuwa kowa yana iya zama, in ba a jera sunayensu ba. Kamfani mai gaskiya yakan faɗi irin mutanen da dalilin ba su: mai karɓar kuɗi, mai ajiye bayanai, hukuma idan kotu ta nema. Wanda ya ce "trusted partners" ya yi shiru, cinikin biri a sama yake so ku yi.

Kada jimlar "we do not sell your data" ta rufe maka ido. Ka ci gaba da karatu, sau da yawa layin da ke biye zai ce suna "share". Bayanan dai sun fita, sunan fitar ne ya canza. Sai kalmar "may". Idan an rubuta "we may share", ka karanta ta a matsayin "mun ba kanmu dama, ranar da muka ga dama za mu yi". Haka "such as" da "including but not limited to": abin da aka jera misali ne kawai, akwai sauran da ba a faɗa ba. Waɗannan ƙananan kalmomi su ne fassarar na'ura take yawan laƙumewa.

Ta huɗu, har yaushe za su riƙe? Kalmar ita ce "retain" ko "retention". Mai kyau zai ba ka adadi, kwana kaza ko shekara kaza. Bankuna doka ta wajabta musu ajiye wasu bayanai na shekaru, wannan daban. Wanda ya ce "as long as necessary" bai ƙara komai ba, bai ɗaure kansa da komai ba.

Ta biyar, yaya zan fita? Ka nemi "delete", "your rights", "withdraw", "contact". Kana son ganin hanya bayyananniya ta goge asusu da adireshin wanda za ka rubuta wa, wanda galibi ake kira "Data Protection Officer", wato jami'in kare bayanai. Gidan da ka ga ƙofar shiga ba ka ga ta fita ba, ka yi tunani kafin ka cire takalmi.

Mataki na 5: Gwada abin da suka rubuta da abin da suka roƙa

Takarda magana ce, izinin da ke cikin waya shi ne aiki. Bayan ka sauke, manhajar za ta fara roƙo ɗaya bayan ɗaya. Kada ka yi ta danna "Allow" don ka huta. Idan akwai "While using the app" ko "Only this time", su za ka zaɓa. A wajen wuri, sababbin wayoyi suna ba ka zaɓi tsakanin "Precise" da "Approximate". Na farko yana nuna ƙofar gidanka, na biyu yana nuna yankin kawai. A wajen hotuna, idan an ba ka damar zaɓar wasu kaɗan, ka zaɓi wanda ake buƙata, kada ka buɗe duka ma'ajiyar.

Don waɗanda suka riga suka shiga wayar, ka je "Settings", ka nemi "Privacy", sannan "Permission manager". A Tecno da Infinix da itel da Samsung wurin yakan ɗan bambanta, mafi sauƙi ka rubuta "permission" a akwatin bincike na saman "Settings". Ka fara da "Contacts", sai "SMS", "Call logs", "Location", "Microphone", "Camera". A ƙarƙashin kowanne za ka ga jerin waɗanda ka ba izini. Kusan duk wanda na yi wa wannan a shago sai ya ga wata manhaja da ya manta ma da ita tana zaune a kan lambobinsa.

Izini biyu nake so ka fi tsoro. Na "SMS", domin ta nan alat ɗin banki da lambobin OTP, wato lambobin sirri na amfani sau ɗaya da ake turo maka don tabbatar da kai ne, suke shigowa, wanda ya karanta saƙonninka ya san abin da ke asusunka. Sai na "Accessibility", wanda aka yi domin taimaka wa masu lalurar gani da makamantansu. Manhajar da ta samu wannan tana iya ganin abin da ke allonka har ta danna abubuwa a madadinka. Manhajar rance ko ta wasa ko ta gyaran hoto da ta nemi wannan, cire ta nan take.

Idan wayarka Android 12 ce ko sama, ɗan koren ɗigo yakan bayyana a saman allo duk lokacin da ake amfani da kyamara ko makirufo. In ka gan shi alhali ba kira kake ba, ba hoto kake ɗauka ba, ka ja allon ƙasa ka taɓa shi, zai faɗa maka wace manhaja ce.

Mataki na 6: Ka tuna ba naka kaɗai ba ne

Wannan shi ne abin da ya fi damuna, kuma takardun ba sa faɗinsa da ƙarfi. Mutane sukan ce mini, "Malam, ni mi gare ni da za a sata?" To ko da babu komai naka, wayarka cike take da amanar wasu. Lambar mahaifiyarka tana ciki, da ta matarka, da ta ƙannenka mata, da ta malaminka. Hotunan biki da suna suna ciki, na matan da ba su yarda baƙo ya ga fuskarsu ba. Gwaggonmu ta Daura ba ta taɓa cin bashin kowa ba, ba ta danna komai ba, amma lambarta tana hannun mutanen da ba ta sani ba, saboda ɗanta ya danna.

Babbar badaƙalar da ta girgiza Facebook a 2018 ta wannan ƙofar ta shigo. Mutum kusan 270,000 ne suka yi amfani da wata manhajar tambayoyin gane hali, amma ta hanyarsu aka kwashi bayanan abokansu, har adadin ya kai kimanin miliyan 87, bayanan suka faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica mai aikin siyasa. A 2019 hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci Facebook tarar dala biliyan 5. Mafi yawan waɗanda abin ya shafa ba su taɓa ganin manhajar ba.

Don haka kafin ka ba da izinin "Contacts", ka tambayi kanka ko za ka iya miƙa wa baƙo a tasha littafin lambobin gidanku. Manhajojin da ke nuna sunan mai kira, irin su Truecaller, da sunayen da jama'a suka bayar suke aiki, shi ya sa wani lokaci za ka ga lambar mutum ta fito da laƙabin da abokansa kaɗai suke kiransa da shi. Wanda ba ya so, kamfanin yana da shafin cire lamba, ka nemi "Truecaller unlist".

Mu ma masu shaguna wannan amana tana wuyanmu. Takardar NIN da sakamakon jarrabawa da hoton fasfo da muke sikanin, ni ina gogewa daga kwamfuta a gaban mai su, in share kwandon shara. Duk inda ka je cike fom, ka nemi a yi maka haka, kuma ka tabbata an fita daga imel ɗinka kafin ka tashi.

Mataki na 7: BVN da NIN da fom ɗin tallafi

Kowane mako sai an turo wani mahaɗi a guruf, wai tallafin gwamnati ko ɗaukar aiki ko rabon taki, a cike kafin gobe. Yawancinsu ba su da takardar ƙa'idoji kwata-kwata, ba sunan mai karɓa, sai akwatunan BVN da NIN da ranar haihuwa da lambar asusu. Waɗannan huɗun idan suka haɗu a hannun mugu sun isa ya yi shigar burtu da sunanka. Shafukan hukumomin gwamnati a Najeriya galibi da ".gov.ng" suke ƙarewa, ka duba adireshin da kyau. Banki ko mai ba da rance mai rajista yana iya neman BVN, amma ka fara duba sunansa a jerin waɗanda hukumar kare masu sayayya ta FCCPC ta amince da su, jerin yana shafinta. PIN na kati da OTP kuwa babu takardar da ta isa ta sa ka bayar.

Mataki na 8: Share tsofaffin asusu

Wannan aikin zama ɗaya ne. A myactivity.google.com za ka ga abin da ka bincika da abin da ka kalla a YouTube, ka saita ya riƙa gogewa da kansa bayan wata 3, ko 18, ko 36. A myaccount.google.com ka duba manhajojin da ka taɓa shiga da "Sign in with Google", ka yanke waɗanda ka daina amfani da su. A Facebook, cikin "Accounts Center", akwai "Your activity off Meta technologies", jerin wasu shafuka da manhajoji da suke kai wa Meta labarinka, kana iya sharewa ka kuma katse. A WhatsApp ka kunna "Two-step verification", sannan a "Chat backup" ka kunna "End-to-end encrypted backup", domin ajiyar da ke tafiya Google Drive ba ta samun irin kullin da saƙonni suke da shi daga waya zuwa waya sai ka kunna da kanka. Shafin da ya tare ka da maganar "cookies", wato 'yan bayanan da shafuka suke ajiyewa a wayarka don su riƙa gane ka, ka nemi "Reject all" ko "Manage", ba dole sai "Accept all" ba. Saƙonnin talla na kamfanonin layi kuma, ka tura STOP zuwa 2442.

Cire manhaja daga waya ba ya goge asusunka a wurinsu. Ka fara goge asusun daga ciki, sannan ka cire.

Mataki na 9: Idan an riga an cuce ka

Doka tana bayanka, kuma mutane da yawa a nan ba su san da ita ba. A watan Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Kafin ita akwai ƙa'idar da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA ta fitar a 2019. Dokar ta ba ka haƙƙin tambayar kamfani abin da yake riƙe da shi game da kai, a ba ka kwafi, a gyara kuskure, a goge, kuma ka hana a yi maka talla da bayananka. Ta ce janye amincewa dole ya zama da sauƙi kamar bayar da ita, kuma shiru ba amincewa ba ne. Ta wajabta wa kamfani ya yi bayaninsa a fili yadda za a fahimta. Yara kuwa sai da yardar iyaye ko mai riƙo. Idan aka yi wa kamfani kutse mai haɗari ga mutane, yana da awa 72 ya sanar da hukumar. Manyan kamfanoni ana iya cin su tarar naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa. Kuma hukumomin nan suna cizo: a watan Yulin 2024 FCCPC ta ci Meta tarar dala miliyan 220 a kan yadda aka yi da bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da hukuncin a Afrilun 2025.

Ga yadda muka bi da ɗan'uwana. Kafin mu goge komai, mun ɗauki hoton allo na komai: saƙonnin da aka tura wa mutane da lambobin da suka turo, shafin izini, da sakin layin takardar. Mun roƙi Gwaggo da surukinsa kada su goge nasu. Sannan muka rufe duk izinin. Muka rubuta wa kamfanin imel gajere da Turanci: sunansa, lambar da ya yi rajista da ita, cewa ya janye amincewarsa a ƙarƙashin dokar 2023, a daina tuntuɓar mutanensa, a goge lambobin da aka kwafa, a ba shi amsa a rubuce. Muka kai ƙorafi ga NDPC ta shafinta na ndpc.gov.ng, muka kai ga FCCPC, duk da hotunan. Bashin kuma ya biya shi, domin bashi bashi ne, zaluncinsu bai sauke masa nauyin ba. Ya ajiye rasit.

Takardun nan suna canzawa, don haka idan saƙo ya zo cewa an sabunta ƙa'idoji, ka maimaita tambaya ta uku ko da ita kaɗai ce. A Janairun 2021 WhatsApp ya fito da sababbin ƙa'idoji ya ba da wa'adin 8 ga Fabrairu, jama'a suka yi ca, da yawa suka koma Signal da Telegram, sai da aka ɗage wa'adin zuwa 15 ga Mayu.

Saura masu saita wa iyaye waya, irina da irin 'ya'yan da ake miƙa wa sabuwar waya a ce "haɗa mini". Yatsanka ne zai danna, amma sunansu ne a kan yarjejeniyar. Wata dattijuwa ta zo da jikanta kwanakin baya a saka mata manhajar karatun Alƙur'ani. Manhajar ta nemi wuri da lambobi. Na ce, "Hajiya, wannan tana son ta san inda kike, tana kuma son lambobin mutanen da ke wayarki. Karatun zai yi ko ba a ba ta ba. A ba ta?"

Ta gyara mayafi ta ce, "A'a ɗan nan, lambobin mutane ba nawa ba ne. Hana ta."

Na danna "Don't allow" sau biyu, na buɗe mata Fatiha, karatu ya tashi.